Yaya Ladan, Fiyano, da Saƙon da Na Riƙe

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairun 2025, wadda ta zo daidai da sha biyu ga Sha'aban, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Malam Ladan Abdul-Razak a wani asibiti da ke Bronx, yana da shekara sittin da huɗu. Dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa muka dosa. Ya bar matarsa Hajiya Halimatu da 'yarsa tilo, Hidaya. Washegari muka sallace shi a ɗan masallacinmu na unguwar Morrisania, inda ya yi shekara ashirin da biyu yana kiran salla, muka raka shi makwancinsa a New Jersey cikin sanyi mai tsanani.

Ni Jibrin, wanda kake kira Jibo, na jima ina ɗaukar alƙalami ina ajiyewa, Yaya Ladan. Waɗanda suka yi magana a wurin zaman makoki sun faɗi alherinka, kuma gaskiya suka faɗa. Ni ma zan faɗa. Sai dai akwai abin da ke tsakanina da kai wanda ban tabbata ka ji daga bakina ba, kuma ba zan iya yi maka ta'aziyya in tsallake shi ba.

A 1998 na sauka a wannan birni da 'yar jaka da lambar wayar wani mutum da bai ɗauka ba. Wani direban tasi ya ji ina Hausa ni kaɗai a bakin filin jirgi, ya kawo ni ƙofarka, ya ce a nan ake ajiye irinmu. Ba ka san ni ba, ba ka san ubana ba. Kai ɗan Funtuwa, ni ɗan Kano. Tambaya ɗaya ka yi mini: na ci abinci? Wata biyar na yi ina kwana a falonka. Kwat ɗin da na fara fita neman aiki da ita taka ce, hannayenta sun fi nawa tsawo, Hajiya Halimatu ta naɗe su ta ɗinke. Kai ka tilasta mini komawa makarantar koyon tafinta, kana cewa Turancina ya fi ƙarfin wanke kwanuka. Aikin da nake ci da iyalina yau a asibiti, daga wannan tilas ya fito.

Aikinka kula da gini ne, supa kamar yadda ake cewa a nan. Bene hawa shida, iyalai arba'in da wani abu, daga ƙasashen da ba su ƙirguwa. Na tuna wata babbar Salla da injin dumama ginin ya mutu da asuba. Ka riga ka sa farar shadda. Ka tuɓe ta, ka sa kayan aiki, ka ce mu tafi Idi, akwai jarirai biyu a hawa na uku. Mun dawo mun same ka a kwance ƙarƙashin injin, baƙin mai har gwiwar hannu, kana kabbara a hankali. Na tuna tsohuwar nan mai Sifaniyanci ta hawa na biyar, wadda 'ya'yanta suka daina zuwa. Shekara huɗu kana hawa mata da cefane, ba ka jin yarenta, ba ta jin naka. Kuma duk wanda ya rasu a cikinmu ba shi da dangi a ƙasar nan, kai ne mai wanka. Ba ka taɓa bari a ce an rasa mai yi ba.

Wannan shi ne mutumin da kowa ya sani. Yanzu ga abin da kaɗan ne suka sani.

Hidaya tana da shekara tara wani maƙwabci da zai tashi ya bar muku tsohon fiyano, abin kiɗan nan mai jerin maɓallai, irin mai tsayi da ake jinginawa da bango. Yarinyar ta manne masa. Malamar makarantarsu ta ga tana da baiwa, ta riƙa koya mata bayan an tashi. Kai da kanka ka gyara maɓallai biyu da suka maƙale. Ka sha ce mini idan kana gyaran famfo a hawa na biyu kana jin ta daga sama, har aikin ya ƙare ba ka sani ba.

Tana da sha biyar aka zaɓe ta ta yi kiɗa a wani taron makarantu, kuma zauren da aka samu na wani coci ne. Magana ta shigo masallaci. Aka fara cewa 'yar mai kiran salla ce za ta je ta kaɗa a coci. Ba kowa ya faɗa maka a fuska ba. Ni na faɗa. Na zaunar da kai bayan la'asar, na ce mutuncinka da na masallaci yana hannunka, na ce yarinya ce, mako biyu za ta manta. Na faɗa da ƙarfin zuciyar mutumin da bai taɓa shakkar kansa ba. Kwana uku kafin taron, tana makaranta, ni da kai muka sauko da fiyanon daga hawa na huɗu, mataki bayan mataki, muka ajiye shi a bakin titi inda ake ajiye shara. Ana yayyafi. Ta dawo ta tarar da shi a nan, ruwa ya kwanta a kan murfin. Ba ta yi kuka ba. Ta tsaya ta dube shi, ta dube mu, ta haura sama.

Ba ta manta ba. Shekara uku ta ƙara a gidan tana gaishe ka kamar baƙo, sannan ta tafi jami'a a can yamma, daga nan ta zauna a Seattle. Tana kiran mahaifiyarta da salla. Kai kuwa ba ta ɗaukar wayarka, kuma ta roƙi Hajiya kada ta riƙa isar mata da saƙonka. Shekara goma sha biyar ba ka taɓa ɗora mini laifi ba, ko da wasa. Ni kuma na ɗauki shirun nan naka a matsayin shaidar cewa daidai muka yi.

A ƙarshen Satumbar bara likitoci suka ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya bazu. Ni na yi maka tafinta a ɗakin likitar, ko da yake ka fahimta tun kafin in buɗe baki. Ka tambayi likitar wata nawa. Ta ce huɗu, wataƙila shida. Ka yi mata godiya. A hanyar gida ka hana ni da Hajiya gaya wa Hidaya girman abin. Ka ce ba ka so ta zo don tausayi.

Bayan mako uku ka kira ni, ka ce in same ka a ɗakin injin dumama, a ƙarƙashin gini. Na tarar da kai zaune a kan bokitin fenti, a gabanka wani ƙaramin fiyano na lantarki da wani ɗan haya ya bari, ka ɗora shi a kan teburin aikinka tsakanin sufana da guduma. Ka miƙo mini babban ambulan. A ciki akwai takardu masu layuka da ɗigo-ɗigo, da wasiƙa da rubutun hannu. Ka ce a shagon wanki ka ga tallar a manne: wata malama tana koyar da fiyano ta hanyar wasiƙa, darasi goma sha biyu, ɗaya a mako, mutum yana gidansa. Sunanta Abena, tsohuwa ce 'yar Gana da ke zaune a Ohio. Tana aiko darasi ta gidan waya, ɗalibi ya naɗi abin da ya kaɗa ya tura mata, ita kuma ta rubuto gyara.

"Turancinta ya yi mini zurfi, Jibo," ka ce. "Karanta mini."

Na ce, "Yaya, mutum a halin da kake ciki, Alƙur'ani ya kamata a gani a gabansa."

"Na sauke izu biyu da safe. Wannan na tsakanin azahar da la'asar ne. Za ka karanta, ko in nemi wani?"

Na karanta, raina a ɓace. Haka na zama mai karanta maka wasiƙun Madam Abena kowace Asabar.

A wasiƙa ta biyu na gane abin da kake nufi. Ashe ka kira ta a waya, ka rera mata wani kiɗa da baki, ba ka san sunansa ba, ba ka san wanda ya tsara shi ba. Shi ne wanda Hidaya ta yi wata biyu tana maimaitawa don taron da ba ta je ba. Shekara goma sha biyar yana cikin kanka, bai ragu ba. Malamar ta gane shi. Ta rubuto cewa ɗalibi yakan yi shekara uku kafin ya taɓa wannan. Ka sa na rubuta mata amsa: ba ka da shekara uku, wata uku gare ka. Mako na gaba ambulan ya zo da kauri. Matar nan ta ajiye tsarin darussanta gefe, ta zauna ta sake rubuta kiɗan da hannunta, ta sauƙaƙa shi, ta bar wa hannun hagu yatsu biyu kawai, ta sa lamba a kan kowane ɗigo don ka san yatsan da zai taɓa. Ba ta taɓa ganinka ba.

Ban taɓa ganin mutum ya sha wuya a kan abu kamar yadda ka sha ba. Yatsunka na mai riƙe sufana ne, masu kauri da kanta, ɗaya yakan danne maɓalli biyu. Maganin da ake ɗura maka ya kashe jin da ke kan yatsun, har sai ka duba da ido kafin ka san ka taɓa. Layi ɗaya sai ka maimaita shi sau hamsin. Akwai makonnin da ba ka iya saukowa, darasin ya jira. Madam Abena ba ta yi maka sassauci a gyara. Ta rubuto cewa kana dukan maɓallan kamar mai buga ƙusa. Ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, ka ce ta faɗi gaskiya. Wani lokaci kuma ta ce ka daina riƙe numfashi idan ka zo wurin da kake tsoro. Ka ce in sake karanta wannan.

Ba a daɗe ba labari ya fita. Wani ya sauko neman a gyara masa makulli, ya ji. Aka fara ƙus-ƙus a masallaci, irin na wancan karon, wasu ma bakunan su ne dai na da. Aka ce ciwo ya taɓa maka hankali. Wani ya ce bai kamata ka ci gaba da kiran salla ba. Liman ya ce shi bai ga wanda ya kai ka riƙon lokaci ba, maganar ta lafa a fili, ta ci gaba a ɓoye. Da na kawo maka ita, sai ka ce, "Wancan karon na saurare su." Ni ba malami ba ne, kuma ba a nan zan yanke hukuncin kiɗa ba. Abin da na sani shi ne, a tsawon watannin nan ba ka bar sallar jam'i ɗaya ta wuce ka ba sai da ƙafafunka suka daina ɗaukarka.

A darasi na tara ka tsaya. Ranar Lahadi, sha tara ga Janairu, na riƙe ka muka sauka matakalar, kana hutawa a kowane mataki na uku. Ka ce in naɗa da wayata. Sau shida ka fara kana lalacewa. A na bakwai ka kai ƙarshe. Minti biyu ne da 'yan daƙiƙu. Akwai tuntuɓe a ciki, ana jin ƙugin injin a baya, ana jin numfashinka. Da ka gama ka matso kusa da wayar ka ce, "Hidaya, Baba ne. Na yi kuskure. Ban san yana da wuya haka ba."

Sannan ka ce in tura mata, tunda 'yata Sharifa tana da lambarta. Na ce me ya sa ba Hajiya ba. Ka ce ba za ka sa uwa ta karya alƙawarin da ta yi wa 'yarta ba. Ka dube ni ka ce, "Ni da kai muka sauke shi, Jibo. Kai za ka kai." Wannan ne karo na farko kuma na ƙarshe da ka ambaci hannuna a ciki.

Ban tura ba.

Na gaya wa kaina dalilai. Na ce yaran zamani komai sai su sa a intanet, gobe a ga mai kiran sallarmu yana yawo a wayoyin mutane, a yi ta dariya bayan ransa. Na ce idan ta ji ta yi banza da shi, zafin zai fi na da. Na ce bari in jira ka ɗan samu sauƙi. Duk waɗannan na faɗa wa kaina, amma gaskiyar ita ce, tura saƙon yana nufin in rubuta wa yarinyar nan da sunana, ta ga sunan mutumin da ya riƙe ɗaya gefen fiyanon. Kunya ce ta hana ni, na sa mata rigar kare mutuncinka.

Da ka tambaye ni washegari, na ce na tura.

Wannan ƙaryar ita ce ke hana ni sukuni. Kullum na shigo sai ka dubi fuskata kafin ka amsa sallama. "Shiru?" Sai in ce shiru. Sai ka gyaɗa kai, ka ce tana da gaskiya, ba a gyara shekara goma sha biyar da minti biyu. Ka daina sauka ƙasa. Ambulan na goma ya zo, ka ce in ajiye. Ka daina cin ɗan abin da kake ci. Ina kallo kana yanke wa kanka hukunci a kan shirun da ni na ƙirƙira, kuma kowace rana da ta wuce sai faɗin gaskiyar ya ƙara yi mini nauyi.

Ranar Juma'a, bakwai ga Fabrairu, bayan an kwantar da kai a asibiti, na zo daga masallaci na tarar da Hajiya Halimatu a bakin ɗakin. Ta ce, "Malam Jibrin, ni na haifi yarinyar nan. Tana da fushi, amma ba ta da mugunta. Ka tabbata lambar daidai ce?" Ban iya duban ta ba. Na fita wajen ajiye motoci, na tura saƙon, na rubuta a ƙasa cewa Kawu Jibrin ne, mahaifinki yana asibiti, jikin ya yi tsanani.

Bayan minti goma sha biyu sai ga kiranta. Kwana goma sha tara na riƙe abin da minti goma sha biyu ya ishe shi.

Ta iso ranar Asabar da yamma. Lokacin maganin kashe zafi ya riga ya rinjaye ka, barci ya fi farkawa yawa. Ta zauna a gefen gado ta riƙe hannunka, tana juya yatsun tana dubawa. Sai ranar Lahadi da hantsi ka buɗe ido sosai ka gane ta. Ina tsaye a bakin ƙofa. Kun daɗe kuna kallon juna. Sai ta ce, da Hausarta da ta yi tsatsa, "Baba, na ji. Ka yi sauri da yawa a tsakiya."

Ka ce, "Lokaci ne ba ni da shi."

Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa fuskarta a ƙirjinka. Ka ɗora hannu a kanta. Na ja ƙofar na bar ku. Hajiya ta ce kun yi magana kamar ta rabin sa'a, kuma ita ce doguwar maganarka ta ƙarshe. Rabin sa'a. Da na tura a ranar da ka ba ni, da kun samu mako uku kana iya zama, kana iya ci, kana iya sauka da ita ta zauna kusa da kai ta gyara maka wurin da kake sauri.

Ranar Litinin na samu kaina ni kaɗai da kai. Na sunkuya na faɗa maka komai a kunne, na roƙi gafara. Idonka a rufe. Ban san ko ka ji ba, kuma ba zan taɓa sani ba a duniyar nan. Ka tafi wataƙila kana zaton 'yarka ta ji muryarka ta yi kwana goma sha tara tana shawara. Ba haka ba ne, Yaya. Ba ta yi shawarar ko sa'a ɗaya ba. Shi ya sa nake rubuta wannan inda jama'a za su gani, don kada wani ya ɗora mata jinkirin da ba nata ba.

Bayan sadakar uku na faɗa wa Hidaya da mahaifiyarta a falon da na taɓa kwana. Hajiya ta rufe fuska da mayafi. Hidaya ta saurare ni har na gama, ta ce, "Sau biyu ke nan, Kawu." Ta tashi ta shiga ɗaki. Ba ta sake yi mini magana ba har ta koma, kuma ban ga laifinta ba.

Na rubuta wa Madam Abena na sanar da ita. Ta amsa cewa a shekarunta na koyarwa ta ga masu baiwa da yawa, amma ba ta taɓa samun ɗalibin da ya san dalilin zuwansa kamar kai ba. Allah Ya saka mata da alheri a kan abin da ta yi wa baƙon da ba ta taɓa gani ba.

Ya Allah, ga bawanKa Ladan ya zo gare Ka. Ya kira mutane zuwa ga sallarKa cikin zafi da sanyi, ya wanke gawar waɗanda ba su da kowa, ya saukar da baƙo bai tambayi asalinsa ba, kuma da ya gane ya zalunci 'yarsa bai bar duniya ba sai da ya nemi gyarawa da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi, Ka sada shi da Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Halimatu, wadda ta yi shekaru tana tsaye tsakanin miji da 'ya ba ta saki hannun kowa ba. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya zama gatanki. Ina yi wa 'yan'uwansa na Funtuwa ta'aziyya, da jama'ar masallacinmu, da mazauna ginin da ya yi wa hidima, waɗanda suka cika bakin titi ranar jana'iza ko da yake yawancinsu ba addininmu ɗaya ba.

Ke kuma Hidaya, Allah Ya ji ƙan mahaifinki, Ya sanyaya zuciyarki, Ya albarkaci rayuwarki. Ban rubuta wannan don ki amsa mini ba. Hakkinki ne, ki riƙe shi iya lokacin da kika ga dama. Ni dai zan ci gaba da roƙon Allah kada Ya ɗauki raina da shi a wuyana.

Allah Ya ji ƙanka, Yaya Ladan. Mu da muka saura, Allah Ya kyautata namu ƙarshen.

Jibrin
Morrisania, Bronx